Ina zan sami wanda zan gaya wa damuwata? Amsoshin likita kan lafiyar ƙwaƙwalwa

Saƙonnin da suka taru mini a wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: mutum ya gane cewa yana buƙatar taimako, shi ko wani nasa, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Na cire sunaye kamar yadda na saba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wani ya ce in ga likitan ƙwaƙwalwa, wani ya ce masanin halayyar ɗan Adam, wani kuma mai ba da shawara. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malam. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mutum a asibiti in ta kama. Masanin halayyar ɗan Adam da magana yake aiki, kuma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani. Mai ba da shawara ya fi dacewa da rikicin aure, zafin rashi, ko damuwar makaranta da wurin aiki. Akwai kuma nas-nas da suka karanci fannin, waɗanda a wurare da yawa su ne ke riƙe da aikin. Kada rarrabewar ta tsayar da kai. Wanda ka fara samu, in ya san aikinsa, zai tura ka inda ya dace.

Tambaya: Likita, wata uku ke nan ba na barcin kirki, ba na jin daɗin komai, haka kawai sai in kama kuka. Babu likitan ƙwaƙwalwa kusa da mu. Daga ina zan fara?

Amsa: Daga asibitin da kike zuwa idan zazzaɓi ya kama ki, Malama. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga cikin masu irin wannan hali suna shiga wurin likita su ce ciwon kai da faɗuwar gaba, a ba su maganin ciwon kai, su fito da damuwarsu yadda suka shiga da ita. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, har da kukan. Baƙin ciki da rashin sha'awar komai da suka wuce mako biyu, kusan kullum, su muke dubawa kafin mu ce ciwon damuwa ne, ke kuwa kina wata na uku. Ki nemi a auna jininki, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato ƙullutun nan da ke gaban wuya, suna iya kawo kasala mai kama da wannan.

Ƙarancin ƙwararru matsala ce ta duniya, shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don horar da likitoci da nas-nas na ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa su kuma fara maganinsa. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ana samun sauƙi. Ke nan ba sai an sami farfesa ake farawa ba. In abin ya fi ƙarfin wanda kika gani, ki nemi takardar turawa zuwa babban asibiti ko asibitin koyarwa, ki tambayi ranar da masu wannan fanni ke ganin marasa lafiya don kada ki yi tafiyar banza. Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara, haka ma asibitocin awon ciki. Idan kuma ranki ya fara raya miki cewa gara mutuwa, ba batun jiran rana, ki tafi sashen gaggawa a ranar.

Tambaya: Likita, ƙanina ɗan shekara 22 ne. Wata takwas ke nan yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bibiyarsa, yana jin muryoyi. Dangi suka ce aljanu ne ko sammu. An kai shi wurin wani mai magani, an sa masa mari, ana dukansa, ana turara masa hayaƙi, wani lokaci a hana shi abinci wai don abin ya fita. Ya rame sosai. Baba ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ni ce yayarsa, na rasa yadda zan yi.

Amsa: 'Yar'uwa, saƙonki na karanta sau uku, kuma shi ya sa na ware makon nan ga wannan batu. Abu na farko: a kwance marin nan, a kai yaron asibiti cikin kwanakin nan, ba bayan an gama wani zagayen magani ba.

Ba na yanke wa mutum cuta ta saƙo, sai an gan shi. Amma abin da kika zayyana mun san shi sarai. Jin muryoyin da babu mai yin su, da zargin ana bin mutum, alamu ne na taɓuwar hankali, kuma shekarunsa su ne shekarun da cutar sikizofireniya ta fi fara bayyana, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza kuma ta fi saurin kama su da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan mutum 1 cikin 300, a kowace ƙasa, masu addini da marasa shi. Akwai wasu abubuwan da ke kawo irin wannan: tabar wiwi da sauran ƙwayoyi, wasu nau'o'in farfaɗiya, cutar da ke jefa mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki, ko wata cuta da ta taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Kowanne da maganinsa daban. Mai bulala ba shi da hanyar bambance su.

Ki fahimci wani abu game da muryoyin. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma taurin kai ba ne. Yana jin su kamar yadda kike jin muryata da ina gabanki, domin sassan ƙwaƙwalwar da ke aikin ji da fassara abubuwa ne suka rikice, kuma wani sinadari mai suna dofamin yana da hannu a ciki. To ki ɗauki mutumin da ya riga ya yi imani ana so a cutar da shi, sannan danginsa su kai shi inda za a ɗaure shi a doke shi. Me aka yi? An tabbatar masa da zarginsa. Ina so wani ya gaya mini, in har aljani ake duka, me ya sa bayan ƙaninki ne ke fashewa, ƙafarsa ce ke gyambo, huhunsa ne ke shan hayaƙi? Na ga ƙafafu masu tabon mari fiye da yadda nake son tunawa, wasu hankalinsu ya dawo da magani amma tafiyarsu ba ta ƙara daidaita ba. Garin neman gira an rasa ido. Kuma ba a wuri ɗaya ake wannan ba: rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2020 ya samu ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Yawan masu yi bai mayar da shi magani ba.

Maganin gaskiya yana nan tun 1952, lokacin da aka fara amfani da kilofuromazin a Faransa, kuma an sami sababbi da yawa bayansa. Akwai na haɗiya, akwai allurar da ake yi kusan sau ɗaya a wata ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku na masu wannan cuta yana warkewa sarai, da yawa daga sauran kuma suna rayuwa cikin iyalinsu da magani. Abin da ke rage wannan dama shi ne jinkiri. Gwargwadon daɗewar mutum cikin wannan hali ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake. Wata takwas sun riga sun tafi.

Zan gaya miki abin da ke sa iyalai guduwa daga asibiti, don kada ya zo muku ba shiri. Wasu magungunan suna sa yawan barci, sandarewar jiki, karkarwar hannu, dalalar miyau ko ƙiba. Sai dangi su ce ai ga shi nan, asibiti sun mayar da shi dolo, a zubar da magani a koma gidan jiya. Duk waɗannan ana gyara su: a rage yawan maganin, a canza shi, ko a ƙara wani. Ku koma wurin likita ku faɗa. Kuma in ya sami sauƙi kada a tsayar da magani da ka, nan ne cutar ke dawowa.

Sai batun Baba. Kada ki tsaya jayayya da shi kan ko akwai aljanu ko babu, ba za ki ci wannan muhawara ba, kuma ba ita ce a gabanmu ba. Tsoro da ƙauna ne suka kai shi can. Ki ce masa babu likitan da zai hana shi addu'a, ya yi wa ɗansa a bakin gadon asibiti dare da rana. Ki tuna masa abin da ya fi ki sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki nemi wani babba ko malamin da yake jin maganarsa, ku kai shi ya ga ƙafar yaron da idonsa. Ranar tafiya kada a tara masa jama'a, mutum biyu ko uku da ya yarda da su sun isa, a yi masa magana a hankali, kada a yi musu da shi kan muryoyin. Ku tafi da duk abin da aka ba shi ya sha. Idan akwai zazzaɓi, suma, jijjiga, ko ya daina ci da sha, sashen gaggawa za ku nufa yau ɗin nan. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.

Tambaya: Likita, abokina ya ba ni wata ƙwayar barci, wani lokaci ina haɗawa da tiramol in damuwa ta yi yawa. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba kuwa. Abokinka a wace makaranta ya karanta likitanci? Ƙwayoyin barci irin su diyazefam jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, tiramol yana sa jijjiga, haɗa su kuma yana iya tsayar da numfashi cikin barci. In ka daɗe kana sha kada ka yanke lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne. Je asibiti da kwalin a hannunka a tsara maka yadda za ka rage.

Tambaya: Ina so in ga mai ba da shawara amma ina tsoron sirrina ya fita. Na kuma ga wasu a intanet suna tallar kansu. Ta yaya zan gane na gaskiya?

Amsa: Riƙe sirri wajibi ne a kan duk ƙwararre, sai fa in ranki ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema. Na gari shi zai fara gaya miki waɗannan iyakoki a zaman farko. Ki tambaye shi inda ya yi karatu da hukumar da ta yi masa rajista, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Yawan mabiya a Facebook ko TikTok ba takardar shaida ba ce. Ki guji wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana kaza, da wanda ya ce ki ajiye maganin likita, da mai kayan sayarwa a ƙarshen kowace hira. Wanda kuwa ya fara kiran dare, ko maganar soyayya, ko neman hotonki, ki yanke hulɗa da shi ki kai ƙararsa ga hukumar da ke sa ido kan aikin. Zama ta waya ko bidiyo yana aiki ga damuwa da fargaba matsakaita, amma ba ya maye gurbin asibiti idan abin ya yi tsanani.

Tambaya: Matata ta haihu mako shida da suka wuce, kullum kuka, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. An ce zai wuce.

Amsa: Wanda ke wucewa da kansa ba ya haura mako biyu bayan haihuwa. Mako shida ciwon damuwar jego ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kai ta inda ta yi awo, ka shiga tare da ita, akwai magungunan da mai shayarwa ke sha. Idan ta daina barci gaba ɗaya, ko ta fara sambatu, ko ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar su su biyu, a tafi asibiti nan take.

Tambaya: Ƙawata ta ce ta gaji da duniya. Ina tsoron in tambaye ta in sa mata abin a rai.

Amsa: Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani, 'yata, sauƙi ma take kawowa. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ki saurara, ban da wa'azi da faɗa a wannan lokacin. In ta ce e, kada ki yi alkawarin ɓoyewa. Ki gaya wa wani babba da ta amince da shi, a kawar da magunguna, maganin ƙwari da duk abin da za ta iya amfani da shi, a raka ta asibiti yau. Fiye da mutum 700,000 ke rasa ransu ta wannan hanya duk shekara a duniya, kuma da yawansu sun yi irin wannan magana kafin nan.

Tambaya: Na je wurin masanin halayya sau uku, ban ga canji ba. In daina?

Amsa: Uku ya yi kaɗan. Maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, yakan ɗauki zama 6 zuwa 20, kuma aikin da ake ba ka ka yi a gida rabin maganin ne. Na haɗiya ma yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sa. Gaya masa ba ka ga canji ba, ku sake duba tsarin. In kuma jininku ne bai haɗu ba, kana da damar neman wani, amma ka nemi takardar bayaninka ka tafi da ita.