Gyara aka kawo maka, ba kallo ba

Yaro, tunda gyaran salula kake koyo a shagona, kana tambaya wai in za ka yi wa salula filashi, wato sake zuba mata manhaja wanda ke goge abin da ke ciki, ka kwashe abin da ke cikinta ka ajiye a kwamfutar shago? Kwashe, amma sai mai ita ya yarda da bakinsa. Ranar da ya zo karɓa ka mayar masa, ka goge naka yana kallo. Yadda ake kwashewar kuwa ba zan ɓata yawuna ba, mai sayar da katin waya ma ya iya.

Kafin kai na riƙe wani yaro, ba zan kama sunansa ba don ubansa mutumin kirki ne. Wani Alhaji mai fataucin aya da wake zuwa Jibiya da Katsina ya kawo salularsa, gilashi ya fashe. Gilashi kawai fa! Ni ina Kano saro kaya. Yaron ya ce a ba shi lambar buɗewa, wai zai gwada aiki. Ya kwashe lambobin masu sayen kayan Alhaji kaf, har da saƙonnin WhatsApp inda suke yanke farashi, ya sayar wa wani ɗan kasuwar da ke takara da Alhaji, a kan jika biyar. Kafin kaka ta wuce an janye wa Alhaji manyan abokan cinikinsa. Bai kai ni wurin ƴan sanda ba, da ma ya kai ni. Ɗauke cinikin gidansa ya yi gaba ɗaya daga shagona, matansa, ƴaƴansa, direbobinsa, kuma ya ba da labarin a majalisa. A Maradi in manyan ƴan kasuwa suka ce shagonka ba amana, wa zai wanke ka? Har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Yanzu ma abin ya wuce jin kunya. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, ga hukumar kare bayanan mutane, wato HAPDP, a Yamai mai karɓar koke. Mutum na da ikon ya tambaye ka me ka riƙe nasa, ya sa ka gyara ko ka goge. Ku yaran yanzu kuwa, komai kuka gani sai kun tura wa aboki.

Littafin nan da muke rubuta suna da lambar mai kaya, shi ma bayanan mutane ne. Na ga ka bar shi a kan benci jiya. Sa shi a aljihun tebur ka kulle, ka kawo mini makullin.