Me ya sa suke saɓa keke a kafaɗa?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma tambayar ta yi mini daɗi. Ka ce ka kalli wani tsere, ka ga mahaya sun diro daga keke sun saɓa shi a kafaɗa suna gudu cikin taɓo. Kana son sanin ko al'ada ce kawai ta burga, kuma ko kekenka na kwalta zai iya wannan aikin, tunda a ido shi da nasu kamar Hassan da Hussaini suke. To, saurara.

Abin da ka gani sunansa saikulokuros. A Faransa ya samo asali, farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da masu tseren kwalta ke neman abin da zai riƙe musu jiki da hunturu. Sai su yanki gonaki da daji, in sun ci karo da shinge ko rafi su sauka, su ɗauki keken su ƙetare. Faransa ta yi gasar ƙasa ta farko a 1902, ta duniya kuma sai 1950 a Paris, inda Jean Robic ya ci. Yau a Beljiyam da Holand abin ya fi zafi. Har gobe ana kafa katako a hanya, tsayinsa bai wuce santimita 40 ba, ga matakala, ga rairayi, ana zagaye fili na wajen kilomita 3 har kusan awa guda. Inda laka ta yi kauri, mai gudu da ƙafa yakan wuce mai tuƙi. Ka ga ashe yanayin filin ne ya haifi al'adar.

Ka sake kallo da kyau, za ka ga kusan kowa ta hagu yake sauka, saboda sarƙa tana dama. Ya zura hannun dama cikin firam, ƙarfen sama ya zauna a kafaɗa, ya kamo kan keken ya matse shi a ƙirji. Shi ya sa maƙera suke baje cikin wannan ƙarfen don kada ya ci kafaɗa, kuma galibi ba a ɗaura mariƙin gorar ruwa, don hannu ya sami hanya.

Amma babban bambancin yana taya, kuma nan nake so ka tsaya. Tayar kwalta sumul take, faɗinta milimita 25 zuwa 30, an ɗura mata iska ta yi tauri. Ta taɓo kuwa tana da haƙora, dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta ba ta har milimita 33, iskarta kuma kaɗan ce ƙwarai, ka danna da babban yatsa ta lotsa. Wannan laushin ne ke sa ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Sannan ka duba ratar da ke tsakanin taya da firam. A keken kwalta da ƙyar fensir ke shiga, a na taɓo kuwa an bar fili. Ni na san amfanin filin nan da jikina. Ina saurayi na taɓa shiga hanya bayan ruwan sama da keken kwalta, ban yi nisa ba laka ta cushe a wajen birki, tayar gaba ta ƙi juyawa. Na tsuguna ina ƙwaƙule ta da tsinke, in yi taku ashirin ta sake cika. Ko masu keken da aka ƙera don taɓo ba su tsira ba. Shi ya sa manyansu ke zuwa da keke biyu ko uku: ya miƙa mai laka, ya karɓi wankakke a guje, makanikai su bi wancan da ruwa.

Sauran ba su da wuyar ganewa. An ɗan ɗaga gindin feda daga ƙasa don kada ya bugi saiwa. Giya ta fi sauƙi, sau da yawa farantin sarƙa ɗaya ne a gaba. Feda tana kama takalmi ta kowace fuska, takalmin kuma mai haƙora ne da za a iya gudu da shi, saɓanin na kwalta da ke santsi ko a daɓe. Birkin faifai ma an halatta shi a nan tun 2010, shekaru kafin a amince da shi a tseren kwalta.

Kada ka haɗa shi da keken dutse, wanda ya taso a Kalifoniya a shekarun 1970 ya shiga Olamfik a 1996. Wannan kansa miƙaƙƙe ne, tayarsa jibgegiya, ga shokozoba.

Game da naka, in hanyar busasshiya ce mai tsakuwa, sa masa taya mafi faɗi da firam zai ɗauka, ka rage iska, zai kai ka. Taɓo kam kada ka sa shi, ina tausayin keken kuma ina tausayin gwiwarka. Sauka da hawa kuwa fara koyonsu tun yanzu, a kan ciyawa, a hankali, kana sauke cinya a sirdi kafin nauyinka ya biyo. Ka auna mini ratar tayarka ta baya da ta gaba ka aiko, in gaya maka faɗin da zai shiga.