Filin Tambaya: Me ya sa nake jin ciwon mahaifiyata tun kafin a kira ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina saida atamfa a Kejetia, mahaifiyata kuma tana Tamale. Duk sanda jikinta ya tashi sai in ji gabana yana faɗuwa haka kawai ina zaune a shago, kafin yamma sai ƙanena ya kira ya ce Mma ba lafiya. Sannan akwai wata baiwar Allah da muka haɗu a trotro, wato motar haya, wallahi tun ranar jininmu ya haɗu kamar ciki ɗaya muka fito. Wani mutum a unguwarmu ya ce wai mun taɓa rayuwa tare a wata duniya, wai kuma an kama kurwata, in tura masa kuɗi ta momo, wato ta waya, ya yi min aiki. Malam mene ne gaskiyar ruhi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mma lafiya. Tun kafin mu je ko'ina, don Allah kar ki tura wa mutumin nan ko sidi ɗaya.

Toh maganar ruhi, an yi wa Manzon Allah (SAW) wannan tambayar, amsar da ta sauka tana Suratul Isra'i aya ta 85, cewa ruhi daga al'amarin Ubangiji yake kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Kin ga kenan duk wanda ya zauna a ɗaki yana ce miki ya leƙa ya ga inda kurwarki take ɗaure, ya wuce inda aka tsaida Annabawa. Amma ɗan abin da aka sanar da mu yana da daɗin ji. Hadisin Ibn Mas'ud ya nuna ana busa wa ɗan tayi rai bayan arba'in uku, kwana 120 kenan, sannan Suratuz Zumar aya ta 42 ta ce Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwa da kuma lokacin barci, wanda ajalinsa bai yi ba a sako shi.

Batun ƙawarki ta trotro kuwa ni ban yi mamaki ba ko kaɗan. Bukhari ya kawo daga Nana A'isha, Muslim kuma daga Abu Huraira, cewa rayuka runduna ne da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Wasu malamai sun ce sanayyar tun kafin a sa rayukan a jiki ne, wasu suka ce kamannin hali ne, mai kirki yana karkata wajen mai kirki, mugu ma yana gane ɗan'uwansa, shi ya sa nake so ki ɗan lura da wannan fassara ta biyun, jinin da ya haɗu bai isa ba sai kin duba sallarta da amanarta da yadda take maganar mutane in ba sa nan. Amma cewa kun taɓa rayuwa a wata duniya kuka dawo, babu wannan a Musulunci. Muna zaune lafiya da maƙwabta masu imanin kakanni suna dawowa, mu dai Suratul Muminun aya ta 99 da ta 100 ta gaya mana mai roƙon a maida shi duniya ba a maida shi, barzahu ce a gabansa har ranar tashi.

Faɗuwar gaban nan ita ta fi taɓa ni. Annabi Yakubu (AS) yana zaune a gida ayari ya baro Masar da rigar ɗansa, ya ce lallai ina jin ƙamshin Yusuf, na kusa da shi suka ce tsohuwar ɓatarsa ce, Suratu Yusuf aya ta 94 da ta 95. Wannan na Annabi ne, ba mu haɗa kanmu da shi, sai dai ba zan ƙaryata 'yar da ta ce Allah ya jefa mata damuwar uwarta a zuciya ba. Kawai kar ki ɗauke shi sanin gaibu, don mu mutane ranar da abin ya dace muke riƙewa, ranakun da gaba ya faɗi aka kira aka tarar Mma na shan koko lafiyarta lau sai mu manta.

In kin ji gabanki ya faɗi, ɗaga hannu ki yi mata addu'a nan take a shagon, Muslim ya ruwaito daga Abu Darda'i cewa mai yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa akwai mala'ikan da ke cewa amin, kai ma ka samu irinsa. Sannan ki ɗauki waya ke ki kira, kar ki jira ƙanenki, kuɗin da mutumin nan ke nema ki tura Tamale a sai mata magani. In kuma bugun zuciyar ya yawaita har da jiri ko numfashi sama-sama, ki je asibiti a auna jininki.