Saƙonnin talla da na damfara sun addabi wayata: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da yadi ne a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Kullum wayata cike take da saƙonnin da ban nema ba: tallan caca, tallan waƙar kira, "ka ci kyauta", har alat na ciniki kan ɓace mini a cikinsu. Idan na sa kati kuma sai in ga yana raguwa ban kira kowa ba. Kwanan nan aka turo wa mahaifina saƙo wai za a rufe BVN ɗinsa idan bai kira wata lamba ba. Akwai yadda zan tsayar da wannan duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Abubuwa uku ka kawo, kuma ko da yake duk ta akwatin saƙo ɗaya suke shigowa, maganinsu ba ɗaya ba ne. Biyu daga ciki za ka iya kashe su yau kana zaune a shago. Na ukun, wato na Baba, shi ne mai haɗari, kuma babu wata lamba da za ka danna ta kawar da shi.

Mu fara da talla. Tun shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya tsarin DND, wanda ke bai wa mai layi damar cewa kada a dame shi. Lambar ita ce 2442, iri ɗaya ce ko MTN kake, ko Airtel, ko Glo, kuma ba a cirar ko sisi. Ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Shi ke nan, ka rufe ƙofar talla gaba ɗaya. In kuwa akwai wanda kake so ya ci gaba da zuwa, misali na harkar banki ko ilimi ko lafiya, ka tura HELP, za su jero maka rukunan ka zaɓa. STATUS kuma zai nuna maka matsayin layinka. Kowane layi sai an yi masa nasa, don haka idan wayarka mai sim biyu ce, sau biyu za ka yi.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani kafin ka tura. Alat na banki da lambobin tabbatarwa ba talla ba ne, suna ci gaba da zuwa. Amma wasu makarantu da ƙungiyoyi suna aika sanarwarsu ta hanyar da masu talla ke bi, don haka nasu saƙon na iya maƙalewa. Idan makarantar yaranka ta saƙo take sanar da ranar komawa, ka gaya musu ka sa DND. Duk da haka, a ganina rufewar ta fi alheri ga mai ciniki, domin alat ɗin da ya nutse cikin tarkacen talla kan jawo gardama da kwastoma.

Batun kati kuwa, galibi wata hidima ce aka sa layinka a ciki, irin su waƙar kira, sakamakon ƙwallo ko wasanni, ana cirar kuɗi kullum ko duk mako. Sau da yawa ta hanyar ɗan saƙon nan ne da ke faɗowa a fuskar waya, mutum ya danna OK don ya kawar da shi, ashe amincewa ya yi. DND ba ya soke abin da aka riga aka shigar da kai. Ka danna *305#, ita ce lambar da aka ware a 2023 a dukkan layuka domin dakatar da irin waɗannan hidimomi. Idan cirar ba ta tsaya ba, ka kira kamfaninka a 300, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. In ba su gyara ba, sai ka kira NCC a 622, kyauta ne, ka ba su lambar ƙorafin da ka rubuta.

Yanzu saƙon Baba. Wanda ya turo shi ɓarawo ne, kuma ɓarawo ba ruwansa da 2442. Da layi irin nawa da naka yake turawa, ko ta intanet, wani lokaci har ya sa sunan banki ya bayyana a saman saƙon. Saboda haka sunan da ka gani a sama ba shaida ba ne. Abin dubawa shi ne me saƙon yake so ka yi. Za ka tarar yana tsorata ka ko yana kwaɗaita maka, yana gaggauta ka, sannan ya ba ka lambar kira ko wani adireshin intanet ka danna. Idan Baba ya kira, wata murya mai ladabi za ta ɗauka, wataƙila ma da Hausa, ta faɗi cikakken sunansa don ya saki jiki. Daga nan sai ta nemi lambobin jikin katin ATM, sai ta ce "yanzu za a turo maka wasu lambobi, karanto mini". Waɗannan lambobin su ne OTP, mabuɗin da ya rage musu. Yana gama karantawa, kuɗi sun fita.

Ka zaunar da shi ka gaya masa da kyau: banki ba ya neman PIN, ko OTP, ko lambobi ukun bayan kati ta waya, ko da wane dalili. Idan hankalinsa bai kwanta ba, ku je reshen bankin da ƙafarku. Kada ya amsa saƙon ko da zagi ne, domin amsawa tana nuna musu layin yana aiki. Haka ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo ke samun na "ƙarin makin JAMB" da na guraben aiki, mata kuma na tallafin gwamnati da sai an biya kuɗin rajista. Duk hannu ɗaya ne. A WhatsApp ma lambobi shida suke nema da sunan taron ƙungiya, su ƙwace asusun mutum su shiga roƙon 'yan uwansa kuɗi.

Za ka ce a ina suka samo lambar? Wasu jeranta lambobi kawai suke yi, wadda ta shiga ta shiga. Wasu daga fom ɗin da muke cikewa barkatai, da guruf-guruf na WhatsApp, da manhajojin ba da bashi da ke kwashe duk lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashin. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka ikon hana a yi amfani da bayananka wajen talla, kuma hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, ce ke karɓar ƙorafi a kai. Amma lambar da ta riga ta fita ba ta dawowa, shi ya sa nake ba 'yan kasuwa shawarar raba layi: wanda ke rubuce a allon shago daban, wanda ke haɗe da banki daban.

Idan wayarka Android ce, manhajar Messages ta Google tana da tacewar saƙonnin banza a cikin saitinta, ka kunna. Kana kuma iya danne saƙo ka riƙe, ka toshe lambar. Ƙaramar waya mai tocila, wadda dattawa suka fi riƙewa, yawanci ba ta da wannan tacewar, don haka ka riƙa duba wa Baba saƙonninsa idan ka je gaishe shi.

In kuma ya riga ya kira har ya ba da wani abu, kada ku jira gari ya waye. Ku kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinsa nan take, a toshe katin da asusun, da safe ku je reshe da katin shaidarsa da saƙon, kada a goge shi.