Kawunan ribit a jikin ƙaramin injin jirgin ƙasa: yaya ake fitar da su daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ƙera ƙaramin samfurin injin jirgin ƙasa mai aiki da tururi da hannuna, daga fallen tagulla, irin wanda ake kira Black Five na ƙasar Birtaniya, a ma'aunin OO. Na gama ƙafafu da ƙashin jikinsa, amma da na zo kan taragon ruwa da kwal sai na tsaya, domin hotunan da nake da su sun saɓa wa juna. A wani hoton jikin taragon cike yake da kawunan ribit, wato ƙusoshin ƙarfe masu kai da ake haɗa falle da falle da su, a wani kuma sumul yake. Na gwada bugawa da ƙusa da guduma, fallen ya lanƙwashe, kawunan kuma suka fito wasu manya wasu ƙanana. Shin wajibi ne in ƙidaya kowane ribit in sa shi? Kuma wace hanya ce za ta ba ni layi madaidaici?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hotunanka ba su yi maka ƙarya ba, kuma saɓanin da ka gani shi ne abu na farko da ya kamata ka warware tun kafin ka sake ɗaukar guduma. Injin Black Five, wanda William Stanier ya tsara wa kamfanin jiragen ƙasa na LMS, an ƙera guda 842 daga 1934 zuwa 1951, kuma ba a masana'anta ɗaya ba, domin Crewe da Derby da Horwich da Vulcan Foundry da Armstrong Whitworth duk sun sa hannu. A tsawon waɗannan shekaru aikin walda ya yi ta karɓe wurin ribit a masana'antun jirgin ƙasa, shi ya sa taragon Stanier mai ɗaukar galan 4,000 na ruwa ya zo iri uku: akwai wanda aka haɗa da ribit gaba ɗaya, akwai wanda aka yi wa walda jikinsa ya fito sumul, akwai kuma wanda ya haɗa biyun, inda layukan ribit ke bayyana a wasu wurare kawai. Bugu da ƙari, idan inji ya shiga babban gyara, ba lallai ne ya fito da taragon da ya shiga da shi ba. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, wace lamba nake ƙerawa, kuma a wace shekara? Lambar kanta tana taimakawa wajen gane zamanin hoto, domin bayan gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa a 1948 an ƙara 40,000 a kan lambobin LMS, har 5000 ya koma 45000. Ka zaɓi inji ɗaya, ka nemi hoto mai kwanan wata da ya nuna gefen taragon sarai, ka riƙe shi a matsayin alƙalinka. Zanen masana'anta, irin waɗanda ake ajiye da su a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York, yana nuna abin da aka yi niyyar ƙerawa, hoto kuwa yana nuna abin da ya hau layin dogo a ranar da aka ɗauke shi. Ka yi hattara kuma da injinan da aka adana, waɗanda guda 18 ne suka tsira, domin sun daɗe a hannun masu gyara tun bayan da aka daina aiki da tururi a jiragen ƙasan Birtaniya a 1968, kuma abin da ke jikinsu yau ba dole ne ya zama abin da ke jikinsu a da ba.

Game da ƙidaya, ra'ayina shi ne adadi ba shi ne ma'aunin daidaito ba. Abubuwa uku ne ido ke kamawa, wato inda layin ya bi, da girman kai, da tazarar da ke tsakanin wannan da wancan, kuma idan waɗannan suka yi daidai adadin zai zo da kansa ko ya yi kusa. Layin ribit kamar ɗinki ne a jikin riga, yana gaya maka inda aka haɗa ƙyalle da ƙyalle ko da ba ka juya cikinta ba. A jikin tarago, layin da ke ƙasa yana bin ƙarfe mai kusurwa da ya haɗa gefe da gindin tanki, layukan tsaye suna bin bangayen cikin tanki waɗanda ke hana ruwa tumbatsa gaba da baya idan jirgi ya taka birki, layin da ya karkace kuma yana bin gangaren wurin zuba kwal. Wanda ya fahimci wannan ba zai sa ribit a inda babu abin da yake riƙewa ba. Haka nan zai gane abin da ya sa tazarar ba ɗaya ba ce a ko'ina: inda ake so kada ruwa ya ɗiga ana matse su kusa da juna, inda kuwa ƙarfafa falle kawai ake nufi ana ba su sarari. Kuskuren da na fi gani a aikin masu farawa shi ne a yi duk layukan da tazara guda, sai jikin ya fito da tsari mai kyau ga ido amma ba irin na taragon gaske ba.

Akwai kuma wuraren da bai kamata a ga ribit ba sam. Tukunyar tururi cike take da su, amma an lulluɓe ta da abin riƙe zafi sannan aka rufe da siririn kwano, don haka abin da ake gani daga waje ɗamarun da suka kewaye ta ne da ƙananan noti. Inda ribit ke fitowa fili shi ne akwatin hayaƙi da ke gaba, da ƙarfen goshi mai ɗauke da bafa, wato ƙarafan da ke rage ƙarfin karo tsakanin inji da tarago, da gefen ɗakin direba, da matakala, da ƙashin jiki. Ko a nan ma ba kullum ba, domin akwai ribit mai nutsattsen kai wanda ake gogewa ya yi daidai da falle, kuma injinan zamanin Sarauniya Victoria da yawa haka aka yi musu don ado, ta yadda duk wanda ya cika su da kawuna ya ɓata su. Ka kuma duba hotonka da gilashin ƙara girma ka rarrabe ribit da noti, domin noti kansa kusurwa shida ne, kuma inda ake kwancewa don gyara noti ake sawa.

Yanzu ga lissafin girma, wanda shi ne ya fi ba mutane mamaki. Ma'aunin OO yana nufin milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi 1 cikin 76.2. Ribit mai zagayayyen kai, faɗin kansa yakan kai kimanin ninki 1.6 na kaurin jikinsa, tudunsa kuma kimanin 0.7 na kaurin. Idan muka ɗauki mai kaurin 5/8 na inci a matsayin misali, faɗin kansa inci 1 ne, wanda a samfurinka zai zama milimita 0.33, tudunsa kuma kimanin milimita 0.15 kacal. Idan ka buga kai mai faɗin rabin milimita, wanda da kyar za ka ce ya yi girma in ka dube shi a tafin hannu, to ka yi wa taragon ribit mai faɗin inci ɗaya da rabi ne. Tazarar inci 3 a jikin jirgin gaske kuwa milimita 1 ce daidai a wurinka. A ma'aunin O na Birtaniya, mai milimita 7 a ƙafa, wannan kan zai zama milimita 0.58, tazarar kuma 1.75, abin da ya sa masu ƙera da hannu da yawa suka fi jin daɗin wannan ma'auni. Idan wata rana ka so ƙera injin gida, irin wanda ake kira River, da Vulcan Foundry ta yi wa layin dogon Nijeriya a 1948, to ka tuna faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, kuma ma'aunin da ke dacewa da shi a kan dogon milimita 16.5 shi ne 1 cikin 64, inda kai mai faɗin inci 1 zai zama milimita 0.4. Shawarata a kowane ma'auni ita ce, idan za ka kauce to ka kauce zuwa ƙanƙanta, domin ƙaramin kai inuwa da fenti za su fito da shi, babba kuwa babu abin da zai ɓoye shi.

Abin da ya lanƙwasa maka falle shi ne rashin madafa a ƙarƙashinsa. Idan ka danna tsini a kan tagulla ba tare da rami mai girman kan ribit a ƙasa ba, ƙarfen zai lotsa a faɗi, ya yi tudu mai gangare maimakon zagayayyen kai mai iyaka. Ana buƙatar abu biyu su yi aiki tare, tsinke mai ɗan dakusasshen baki a sama, da ƙaramar maƙera a ƙasa mai rami daidai faɗin kan da kake so. Akwai na'urorin da aka ƙera don wannan aiki, kamar ta GW Models a Birtaniya da ta NorthWest Short Line a Amurka, amma mai haƙuri yana iya haɗa tasa. Ka huda ɗan rami marar zurfi a bakin guntun ƙarfe, ka kafa tsinken a cikin bututu don kada ya karkace, sannan maimakon guduma ka saki wani nauyi daga tsayi guda a kowane bugu, domin hannu ba ya maimaita ƙarfi iri ɗaya, nauyi da tsayi kuwa suna maimaitawa. Wata dabara mai kyau ita ce a goge bakin maƙerar har kaurin gefenta ya yi daidai da tazarar da ake so, ta yadda kan da ka buga yanzu zai tokari gefen, ya nuna maka wurin na gaba, yayin da shingen da ka ɗaure a gefe yake riƙe layin a miƙe.

Falle mai kaurin milimita 0.25 shi ya fi dacewa da OO. Idan kana son gefen taragon ya fi haka ƙarfi, ka buga ribit ɗin a kan siririn falle na milimita 0.13, sannan ka liƙa shi da dalma a kan mai kauri. Tun da daga baya ake bugawa, zanen da za ka yi a bayan fallen a juye yake, kuma gefen dama da na hagu ba musanyar juna ba ne, don haka ka rubuta a jikin kowanne inda gaba yake tun kafin ka fara. Kada ka auna tazara daga wannan ribit zuwa wancan da rula har ƙarshen layi, domin kuskuren milimita 0.05 idan ya maimaitu sau 60 ya zama milimita 3, kuma layin zai wuce kusurwar da ya kamata ya tsaya. Ka fara sa alamar na farko da na ƙarshe da duk inda layuka biyu suka haɗu, sannan ka raba abin da ke tsakani. A nan ne ma ba na ganin laifi idan ribit ɗaya ya ragu ko ya ƙaru a layi mai tsawo, muddin mahaɗun suna wurarensu.

Jerin aikin ma yana da muhimmanci. Kowane bugu yana ɗan miƙar da ƙarfe, kuma layin da ke kusa da baki yana sa bakin ya yi ƙoƙarin bauɗewa, don haka ka buga ribit tun fallen yana da sauran faɗi, daga baya ka yanke shi zuwa girmansa ka daidaita bakin da magagari. Haka nan ka gama bugawa kafin ka lanƙwasa saman gefen taragon, kuma idan za ka naɗe fallen akwatin hayaƙi ka shimfiɗa kwali ko roba a kan kawunan don kada abin naɗin ya baje su. Inda ƙarfen ya yi kauri da yawa, kamar ƙarfen goshi, ka huda rami, ka zura waya mai kaurin milimita 0.3, ka liƙa ta daga baya, ka yanke, sannan ka zagaye bakin. Wannan hanya tana cin lokaci amma tana ba da kai mai tsabta ƙwarai. Akwai kuma kawunan ribit na roba mai tauri da ake sayarwa a jere a kan takardar da ake jiƙawa a ruwa a manna, kuma ba na ganin aibu a cikinsu, musamman a inda aka riga aka haɗa jiki ba a iya kaiwa ga bayansa. Sai dai suna son a manna su a kan shafen farko na fenti, a kuma rufe su da wuri, domin farce kaɗai yana iya ɗauke layi guda.

Dalma da fenti su ne ke cinye aikin da aka sha wahala a kansa. Ka yi liƙi daga ciki duk inda ya yiwu, da dalma kaɗan mai narkewa a digiri 145 na ma'aunin Celsius, domin idan ta malala a kan layin ribit za ta cike tsakaninsu, kuma kankare ta ba tare da an goge kawunan ba aiki ne mai wuya. Kada samfefa ta taɓa fuskar da ke da ribit. Wajen fenti kuma ka tuna tudun kan bai wuce milimita 0.15 ba, saboda haka shafi mai kauri sau biyu ya isa ya binne shi. Ka fesa siriri, ka bari ya bushe, ka duba a ƙarƙashin hasken da ke zuwa daga gefe kafin ka ƙara. Kafin ka taɓa gefen taragon na gaske, ka ɗauki ragowar falle mai kauri iri ɗaya, ka buga layuka uku da nauyi daban-daban, ka yi musu fentin da za ka yi wa samfurin, sannan ka ajiye su kusa da hotonka ka dube su daga nisan kamu biyu ko uku. Layin da ya fi kama da hoton bayan fenti, shi ne nauyin da za ka ɗaure na'urarka a kai.