Mi ya sa nika barin turare cikin babbar kwalba

Ɗana jiya muna rufe shago ka tambaye ni wai mi ya sa nika hana ka ɗura humra cikin 'yan ƙananan kwalabe tun da wuri, alhali in an ɗura an jera bisa tebur ta fi saurin fita. Lokacin ana kiran magariba shi ya sa ban tsaya ba, to ga amsarka.

Iska ce ke cin turare. Ɗauko 'yar kwalbar 3ml ka ɗaga ta ga haske za ka ga ɗan fili tsakanin mai da murfi, sannan ka dubi ta lita guda wadda munka cika har wuya, filin nata bai wuce gaɓar yatsa ba. Ita ƙaramar, iskar tana aiki ne kan 'yan ɗigo kaɗan shi ya sa nan da nan ƙamshin ke juyawa, ita ko babbar iska kaɗan ce ga mai da yawa sai haɗin ya samu ya kwanta a hankali, sandal ya shiga jikin farcen humra, miski ya bi su, har ka buɗe bayan wata uku ka ji abin ya zama ɗaya babu mai tsere ma wani.

Turawa sun daɗe da gane haka ga jar giyar inabi da suke ajewa shekara da shekaru, irin ta Bodo a Faransa. Mu dai Allah ya tsare mu da ita, amma maganar kwalba duk ɗaya ce. Kwalbarsu ta yau da kullum 750ml ce, akwai rabinta 375ml, akwai babba da suke ce ma magnum mai lita 1.5, amma wuya da toshiyar duk kusan girmansu ɗaya, toshiyar kuma ta ɓawon itace ce iska na ratsa ta kaɗan kaɗan. Don haka ta cikin magnum ta fi jinkirin tsufa, ta cikin ƙaramar ita ke fara gajiya.

Sai kuma zafi, kai ka san Sakkwato watan Afrilu ana wuce digiri 40, ga rufin kwano bisa kanmu. Ruwan kofi da ruwan randa wane ke fara ɗumi? To haka kwalba take.

Amma kar ka ɗauka babba ko yaushe ita ce daidai. Wata shekara na bar kwalbar lita ta mai ƙamshin lemu saura kamar kwata, na aje ta kusa da ƙofa na tafi gida hutun sallah, da na dawo na buɗe wallahi warin tsohon man gyaɗa ya doki hancina, launin ya koma ja-ja, haka na zubar ina jin zafin kuɗina. Masu ƙamshin lemu ba su jure iska ko kaɗan, al'ud da sandal su ne ke ƙara daɗi in sun daɗe. Shi ya sa in babba ta sauka ƙasa da rabi sai a juye sauran cikin wadda za ta cika taf, ta gilashi mai duhu, ban da roba.

Gobe in ka riga ni zuwa duba kwalbar sandal da ke ƙarƙashin tebur, ta kusa rabi. Wanke ta rabin lita ka kife ta ta bushe sarai kafin in iso, ko ɗigon ruwa kar ya saura ciki.