Tun da damina ta sauka rifitarmu ta daina ji daga nesa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu 'yan ƙungiyar rediyon sha'awa ne, muna da rifita, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta, a zangon rediyo na mita 2, eriyarta tana kan hasumiya mai tsawon mita 30. Tun da aka fara ruwa ta daina jin na nesa, kuma da zarar iska ta kaɗa sai ta riƙa ƙas-ƙas. Mun auna SWR, wato yawan siginar da ke dawowa daga eriya, daga ƙasa, ya nuna lafiya lau. Ko mu ƙara wa injin ƙarfi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ku ƙara ƙarfi. Rifita tana ji tana watsawa a lokaci guda, kuma a wannan zango tazarar da ke tsakanin biyun kilohaz 600 ce kacal. Ƙarin ƙarfi sai dai ya ƙara toshe mata kunne.

Zargina ya fi karkata ga ruwa a cikin wayar koaksiyal, wadda ke haɗa injin da eriya. Abin da ke ruɗin mutane shi ne jiƙaƙƙiyar waya tana shanye siginar da ta tafi da wadda ta dawo, sai na'urar awo ta nuna SWR mai kyau alhali eriya ba ta samun abin kirki. Na sha kwance mahaɗin waya in tarar tagullar ciki ta koma kore, ruwa na ɗiga daga bakinta. Irin wannan waya ba ta gyaruwa, sai canji.

Kafin kowa ya hau sama, ku cire wayar eriya daga dufleksa (na'urar da ke ba rifita damar ji da watsawa ta eriya ɗaya), ku ɗaura lodin gwaji mai om 50 a madadin eriya, ku gwada da ƙaramar rediyo daga kusa. In ƙarar ta ɗauke, matsalar tana sama. Ƙas-ƙas ɗin da ke bin iska kuwa galibi sakwarkwatattun kusoshi ne, ko tsatsa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kusa da eriya.

In za ku sake waya, ku nemi nau'in koaksiyal da ake kira Heliax, ku sa mahaɗi nau'in N maimakon PL-259, domin PL-259 ba ya hana ruwa shiga. Ku naɗe shi da salatif ɗin roba mai haɗewa da kansa, sannan ku bi da na lantarki daga ƙasa zuwa sama. Ku bar wa wayar ɗan lanƙwasa kafin ta shiga ɗaki, ruwa ya zube a waje.

Batun hawa shi ya fi damuna. A kashe injin tukuna. A duba gindin hasumiya da wayoyin da ke riƙe ta ko tsatsa ta ci su. Mai hawa ya sa ɗamarar tsaro ta jiki duka mai ƙugiya biyu, ɗaya na maƙale kafin ya saki ɗaya, da mutum a ƙasa sanye da hular kwano yana tura masa kaya da igiya. In hadari ya taso, ko an ji rugugi komai nisansa, ya sauko nan take, a ƙarasa gobe da safe.